Farar Audugar da na Cuɗa a Rumbunan Mutane

Zuwa ga Mai Girma Shugaban buron da ke kula da lafiyar jama'a a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, ya sa ka fi haka.

Ni ne Arzika magini, mutumin wani ƙauye a ƙasar Bazaga. Ban shiga lakwal ba, hannuna ya san laka, bai san alƙalami ba. Sau uku ina zuwa buronka. Zuwan farko anka ce kana taro. Na biyu anka ce ka tafi Tawa. Na uku sakatarenka ya dube ni tun daga takalmi har rawani, ya ce, baba, nan ba a kawo magana da baki, sai a rubuce. To, ga ta a rubuce. Maƙwabcina Malam Abdu, wanda ya karantar a lakwal har ya gaji ya aje, shi ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko da ta yi kaushi. Na sa ya yi ta uku, ɗaya gare ka, ɗaya ga masu jarida, ɗaya a karanta wa mutane ranar kasuwa, don kada gobe a ce ba a ji ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya hana ni zama. Hatsi ya nuna. Nan da mako uku za a fara yanka. Akwai rumbun ƙasa arba'in da ɗaya, daga ƙauyukan Bazaga har Tajaye, waɗanda na gina da hannuna, kuma masu waɗanda ke tsaye har yanzu ba su san ko su zuba hatsi ciki ko su rushe su ba. Ni na gina, ni suke tambaya, ni kuwa ban sani ba.

Na farko, yadda abin ya shigo hannuna.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, wani kamfanin aikin hanya ya kafa zango kusa da Malbaza. Da rani na tafi na yi masu lebura. Suna da manyan tukwanen ƙarfe da ake dafa kwalta, da bututu masu tsawo, duk an naɗe su da wani abu kamar auduga don kada zafi ya fita. Iri biyu ce. Akwai rawaya, akwai fara mai ɗan toka-toka. Da aiki ya ƙare sunka kwance ƙarafansu sunka loda, sunka bar audugar tsibi guda. Shugaban lebura ya ce duk mai so ya ɗiba. Ba wanda ya ce mana uffan a kanta. Kamfanin ya tafi tuntuni, ko sunanshi ban riƙe ba, kuma ba cewa nake ka kamo mini shi ba.

Mu mutanen hatsi ne. Tun muna yara mun san ƙaiƙayi a wurin sussuka, mun tashi da cewa abin da zai cuce ka yakan gaya maka tun a fata. Rawayar nan da ka taɓa ta sai susa, a hannu, a wuya, har cikin wando. Kwana biyu munka yi muna susa kamar masu ƙazuwa. Sai munka haƙa rami munka binne ta, muna ganin mun yi wayo. Farar kuwa ba ta ƙaiƙayi ko kaɗan, taushi gare ta. Na jefa ta a wuta, wuta ba ta ci ba. Na aje wani dunƙule gindin tulu inda gara ta dame mu, wata guda cur gara ba ta taɓa shi ba. Nan take na cika amalanken jaki da buhuna, sawu biyu, na kai gida. Mun binne wadda ke yi mana gargaɗi, mun kwashi wadda ta yi shiru. Yanzu na san haka. A lokacin nan ko kai ne da ka kwasa.

Na biyu, abin da na yi da ita.

Wanda bai taɓa gini ba bai san abin da gara ke yi wa magini ba. Rumbu ana cuɗa lakarshi da ramno, wato busasshiyar ciyawa, don ta riƙe bango. Gara kuwa ramnon take bi tana ci daga ciki, bango ya zama ramuka, damina uku huɗu sai ka ga ya tsage, mai rumbu ya zo yana zagin wanda ya gina. Da na sa farar audugar nan a madadin rabin ramnon, bango ya fito sumul, ba tsaga, gara ta zo ta juya. Rumbun farko da na yi haka yana nan tsaye a gidana har yau.

Amma audugar a dunƙule take, sai an warware ta kafin ta shiga laka. Matata Kulu, Allah ya jiƙanta, gwanar kaɗi ce. Ita ta ce in bar mata. Ta ɗauko bakan shiɓarta, wanda take shiɓar audugar zare da shi, ta shiga ɗaki ta saki asabari, don in ta yi a waje iska na kwashe mata. Haka take zama tun hantsi har azahar tana bugun tsirkiya, abin na tashi cikin ɗakin yana sauka. In ta fito girarta fari fat, har cikin hanci. Takan yi dariya ta ce, maigida, dube ni da kyau, haka zan zama in na tsufa, in za ka gudu ka gudu tun yanzu. Ta ma gwada ta kaɗa zare da ita, ya ƙi, yana tsinkewa. Rani uku tana wanga aiki, wani lokaci da ƙanwarta da wata maƙwabciya, har audugar ta ƙare.

Ban gaya wa maginan ƙasarmu sirrin ba. Sunka riƙa cewa asiri gare ni, na binne laya a gindin kowane rumbu. Na bar su da zancensu, har daɗi nake ji. Aka riƙa aiko mini daga nesa. Ban ɓoye ba, na yi alfahari da rumbunan nan fiye da yadda ya kamata ɗan Adam ya yi alfahari da laka.

Na uku, ciwon Kulu.

Shekara uku ke nan tari ya kama ta, busasshe, ba majina. Sannan numfashi ya fara gajarta. Matar da ke ɗauko tulu daga rijiya ba ta tsaya ba, sai ga ta tana hutawa sau uku tsakanin ɗaki da madafa. Majon da ke kusa da mu, wato ma'aikacin ɗakin shan magani, ya ce tarin fuka ne. An yi allurai, an sha ƙwayoyi wata da watanni, ba sauƙi. Ban ga laifinshi ba, abin da ya saba gani ke nan. Daga baya na kai ta babban asibiti, anka ɗauki hoton ƙirjinta. Lokotoron ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni ko ta taɓa aiki a masana'anta. Na yi dariya, na ce matar da ko kasuwar Konni ba ta fi zuwa sau biyar ba a rayuwarta. Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da tambaya, ƙurar mi ta shaƙa, tun yaushe, shekara nawa. Kulu ce da kanta, daga kan gado, ta ce, maigida, ko farar audugar nan taka ce?

Akwai 'yar ragowarta da na adana a gwangwani cikin rufin ɗaki. Mako na gaba na kai mashi. Kafin ya buɗe sai da ya ɗaure hanci, ya zuba ruwa ciki, ya duba, ya rufe, bai maido mini ba. Ya ce da Faransanci amiyant ake ce mata, daga dutse ake haƙo ta. Rawayar kuwa ya ce ɗan Adam ke yin ta, gilas ake narkawa a ja shi ya zama zare.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa, kuma da yake ya ji ni magini ne, ta hanyar gini ya biyo mini. Ya ce jikin mutum an jera shi da wasu ƙananan abubuwa masu rai, kamar yadda ake jera tubali, ido ba ya ganinsu. A cikin huhu akwai waɗanda aikinsu shara ne, duk ƙurar da ta shiga su haɗiye ta su fitar. Ƙurar gona suna iyawa da ita. Rawayar nan ma, ko da yake tana cin fata da maƙogwaro kuma ba abin shaƙa ba ce, mafi yawanta jiki kan karya ta ya rabu da ita a hankali. Farar kuwa tsagewa take yi ta tsawo, siririya ta haifi wadda ta fi ta siranta, har ta kai ƙarshen huhu. Mai sharar ya zo ya haɗiye, ta fi ƙarfin cikinshi, ta huda shi ya mutu, abin da ke cikinshi ya zube ya ƙona na kusa da shi. Wani ya zo ya haɗiye wannan zaren dai, shi ma ya mutu. Zaren yana nan, ba ya ruɓewa. Haka shekara ashirin, wurin na yin tabo bisa tabo, har huhu ya ƙandare kamar ƙirgi, ya kasa buɗewa. Ya ce wani lokaci ma tubalan nan kan ruɗe su yi ta tsiro ba tsari, ya zama ciwon daji.

Na tambaye shi magani. Ya ce abin da ya shiga ba ya fita. Kuma don kada a ce na ƙara gishiri, ya ce ba zai rantse cewa ita kaɗai ce sanadi ba, ba shi da kayan da zai tabbatar, amma hoton da labarin sun yi daidai. Kulu ta rasu bayan babbar salla, a zaune, don kwanciya ta gagare ta. Ajali na Allah ne, ban yi jayayya da wannan ba. Amma ni na kawo buhunan.

Na huɗu, kuskurena na biyu, wanda shi ya sa nake gaggawa.

Bayan sadakar arba'in na kasa riƙe abin a cikina. Ranar Juma'a da anka sallame na miƙe a masallaci na faɗi duka, na ce rumbunan da na gina akwai cuta a bangonsu. Na ɗauka gaskiya nake fitarwa. Ashe wuta na kunna. Kafin in kai ga cewa lokotoro ya ce haɗarin a ƙurar yake, wadda ke kulle cikin laka ba ta tashi sai an fasa, mutane sun watse da rabin magana. Rabin nan kuwa ya riga ni isa ko'ina.

Akwai wani Nomau a ƙasar Tajaye, na yi mashi rumbu biyu manya. Da na ji yana shirin rushewa na hau jaki, kwana biyu ina tafiya. Na tarar ya gama. Da diga ya fasa su, a bushe, da tsakar rana. Ƙura ta rufe gidan. Matanshi sun share da tsintsiya, 'ya'yanshi na hawa tsibin suna zamiya. Kuma ka san al'adarmu, ƙasar tsohon rumbu ba a zubar da ita, ta riga ta nuna, ta fi sabuwa kyau. Ya riga ya dake rabinta ya yaɓe ɗakin kwananshi. Na ce, Nomau, mi ka yi haka? Ya ce, Arzika, kai ka ce guba ce, yau kuma kai ka zo kana cewa kada a taɓa, wace za mu ɗauka, ta Juma'a ko ta Talata? Na juya na kwance jakina. Ko ruwa bai ba ni ba, kuma ban riƙe shi da wannan ba, ko da yake ubanshi ba zai yi mini haka ba.

Zuwa yau an rushe bakwai, duka a bushe. Saura talatin da huɗu. Masu su sun rabu. Wasu sun ce za su fasa kafin kaka. Wasu sun ce za su jibge damman hatsi a fili bisa itace, ka kuwa san abin da awaki da kusu da ruwan ƙarshen damina da gobara ke yi wa hatsin da ba shi da rumbu. Gidan da ya rasa hatsinshi a kaka, kafin bazara mazanshi sun tsallaka iyaka neman abinci. Wasu kuma sun ce Arzika ya tsufa, mutuwar mata ta taɓa mashi kai, za su zuba abinsu kamar kullum. Maginan da sunka shekara ashirin suna jin haushina yanzu su ke yawo suna cewa dama sun san ba banza ba. Ƙarya suke, ba su san komai ba, da na ba su da sun karɓa da hannu biyu.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mako guda kafin yanka ake sharar rumbu. Bakin rumbu a sama yake, ƙarami, mata da yara ake zurawa ciki da tsani, su kankare bango, su share ƙasa, a wurin da iska ba ta shiga. Shekara ashirin damma na gogar bangon nan daga ciki. Ban san abin da ya saki ba. Ɗiyata ta fari tana aure a gidan da ke da ɗaya daga cikinsu, kuma ita ke shiga. Na hana ta, ta ce, baba, in ban shiga ba wa zai shiga, uwar mijina? Sharar nan saura kwana goma sha huɗu.

Na biyar, maganar mota.

Na koma wurin lokotoron na ce ya zo ya gaya masu da bakinshi. Ya ce shi mai duba marar lafiya ne, ba shi da ikon ba gari umurni, buronka ke da wannan. Shi ya turo ni gare ka. Sakatarenka kuma, bayan maganar rubutu, ya ƙara da cewa ko an rubuta motar buro ba ta da mai. Ranka ya daɗe, ban san lissafin buro ba. Amma tun da anka buɗe jam'iyyu, motoci nawa sunka shigo ƙauyenmu da lasifika, har wadda ta kafe a rairayi munka tura? Masu allurar shanu ma sun zo bana. Hanyar ba ta ɓace ba. In mai ne ya gagara, mutuminka ya shigo motar kasuwa ya sauka bakin kwalta, ni zan tarye shi da amalanke in shimfiɗa mashi tabarma, in kai shi rumbu bayan rumbu. Na san inda kowane yake, na san wanda na sa wa audugar da yawa da wanda na sa wa kaɗan lokacin da ta kusa ƙarewa. Wanga sani a kaina kawai yake, ba a takarda ba, ni kuwa na haura saba'in.

Ban zo neman diyya ba, ba kuma sadaka nake roƙo ba. Ga buƙatuna.

A turo wanda ya san abin, ya duba rumbunan, ya ɓanɓari bango ya tafi da shi inda ake aunawa.

A fito a rediyo a faɗi magana ɗaya, da Hausa da Buzanci, don cikin masu rumbunan a Tajaye akwai Buzaye. A rushe ko a bari? In rushewa ce, yaya za a yi, a jiƙa ne, a ɗaure hanci ne, wa zai matsa nesa? In bari ne, ko sabon yaɓe na laka zalla daga ciki ya isa ya kulle ƙurar? Hatsin da ya kwana ciki a ci ko kada a ci? Ni na ci shekara ashirin, amma ni ba ma'auni ba ne. Maganar da na faɗi ba ta da nauyi yanzu, ta hukuma ce kawai za ta tsayar da diga.

A gaya mana inda za a kai ƙasar bakwai ɗin da anka fasa, kuma a je a ga ɗakin Nomau, yana kwana ciki da jariri.

Ramin da munka binne rawayar kusa da Malbaza, gidaje sun kusa cim mashi. Wata rana wani zai haƙa tushen gini ya tone ta. Zan nuna wurin.

A duba ƙirjin ƙanwar Kulu da maƙwabciyar da ta taya ta shiɓa. Maƙwabciyar ta fara tsayawa a hanyar rijiya, tana cewa tsufa ne. Ni kada a wahala da ni, ba zan tuɓe riga a gaban na'ura ba, abin da ke ciki ya zauna.

In kwanakin nan goma sha huɗu sunka cika ban ga kowa ba, ban ji komai a rediyo ba, ba zan zauna ba. Zan bi gidajen talatin da huɗu ɗaya ɗaya, in hana mata da yara shiga, in shiga da kaina, in yayyafa ruwa, in yaɓe cikin kowane da laka zalla iyakar wanda ƙarfina ya kai, in ce masu su zuba hatsinsu a bisa maganata. Ban san ko daidai ne ba. Dabarar magini ce, kuma dabarar magini ce ta kawo mu nan. Karon farko na yi ne cikin rashin sani, ba wanda zan tambaya. Wanga karo na tambaya, a gaban jama'a. In na sake kuskure, ranar da za a tsayar da ni a kanshi ba ni kaɗai zan tsaya ba.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare 'ya'yanka daga abin da ido ba ya gani, ya ba ka ikon sauke nauyin da ya ɗora maka. Allah ya jiƙan mamatanmu da naku, ya ba mu kaka mai albarka da wurin zuba ta.

Wassalam.

Ni ne naka,
Arzika magini, daga ƙasar Bazaga.